Falmaran ɗin Dalma na Don Evaristo

Ranar da labari ya zo cewa ƙungiyar tsofaffin unguwarmu ta samu gurbi a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido mai zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara, Don Evaristo mai aski yana tsakiyar yi wa Tolosa mahauci aski. Ya ajiye almakashi, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To, lokacina ya zo."

Tolosa ya ce, "Ƙarasa min wannan ɓarin tukuna, Kyaftin, sai lokacin naka ya shigo."

Mu duka a Ushuaia muka tsufa, garin bakin teku a ƙarshen kudancin duniya. Kowace shekara muna kallon jiragen nan suna kwasar baƙi suna yin kudu, amma babu ɗayanmu da ya taɓa zuwa. A bana ne wani jirgi ya rasa fasinja a tafiyarsa ta ƙarshe kafin sanyi, masu shi suka ce a ba tsofaffin gari ɗakunan da suka rage.

Kyaftin ɗin da muke kiran Evaristo saboda hular ce, farar hula irin ta masu tuƙin jirgi, wadda ko a coci ba ya cire ta. A bangon shagonsa akwai hoton wani mai gemu da ya ce kakansa ne, wanda ya sha kewaya tsibirin Hornos cikin hadari yana cin abincinsa a tsaye. Ni Nicanor katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa tun muna samari, kuma ban taɓa ganinsa a kan wani abu mai iyo ba. Amma mutum mai riƙe da aska a wuyanka ba ka cika yi masa gardama ba.

Abin da ke ransa kuwa kowa ya sani. Doña Zulema ce, mai saƙa rigunan sanyi a ƙarshen layinmu. Mijinta ya rasu da daɗewa, kuma rayuwarsa duk a jiragen kamun kifi ya yi ta. Daga nan Evaristo ya yanke wa kansa hukunci cewa ba za ta kalli kowa ba sai ɗan teku.

Ya ja ni gefe ya ce, "Maƙwabci, ga shirin. Zan tsallake da ku mashigin tekun Drake mai hauka ba tare da kowa ya haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba. In kowa ya ga yana tsaye da ƙafarsa saboda ni, sai in nemi aurenta a gaban jama'a."

Na ce, "Me zai hana ka je ka ƙwanƙwasa mata ƙofa kawai?"

"Shi ya sa ka ƙare a direban bas, Nicanor."

Ilminsa a kan tashin zuciya ɗan gajere ne. Wai ciki kamar kwale-kwale yake, wanda babu kaya a cikinsa shi ruwa ke wasa da shi. Saboda haka a cika shi dam, kuma a saba masa da juyi tun daga tudu. Washegari ya rufe shago, ya buɗe horo. Duk wanda ya zo sai ya zaunar da shi a kujerar aski, ya yi ta juya shi.

Tolosa aka fara ɗorawa, don shi ya fi kowa tumbi. Kujerar tsohuwa ce, irin wadda in ka juya ta hannun dama sai ta riƙa hawa. Evaristo ya manta da haka. Yana juyawa yana bayani, Tolosa yana ƙara yin sama, har kansa ya kusa taɓa fitila.

Tolosa ya ce, "Kyaftin, ina hango rufin kabad ɗinka. Akwai ƙura."

"Kalli gabanka. Ɗan teku ba ya kallon gefe."

Kujera ta kai ƙarshen zarenta ta fice. Tolosa ya tafi da ita cikin kantar turare, kwalabe suka zubo masa. Da muka ɗago shi ya shinshina kafaɗarsa ya ce, "Yau matata za ta tambaye ni daga ina nake."

Evaristo ya ce haka ake so, faɗuwa ma tana cikin darasi. Matata Elba ta ce in na sake na hau kujerar nan, to in nemi mai jinyata a wani gidan. Da aka tambayi malamin yaushe shi zai hau, ya ce wanda aka haifa da abu ba ya koyonsa.

Sai kuma ya ɓullo da falmaran. Ya bi masuntan ƙaguwa ya tara dalmar da suke ɗaura wa raga, ya zauna ya ɗinke ta a cikin falmaran ɗinsa gaba da baya. Ya ce da wannan nauyin ko jirgi ya kife shi yana tsaye. Ranar tafiya da ya zo hawa tsanin jirgi, sai da wani ma'aikaci ya tallafe shi ta baya yana tambaya ko a kawo wa baba keken marasa lafiya.

Evaristo yana haki ya ce, "Yaro, ina gwada ƙarfin tsaninku ne."

Muna shiga muka tarar da likitar jirgi, wata matashiya mai fara'a, tana raba ƙwayoyin hana tashin zuciya da 'yar filasta da ake mannawa a bayan kunne. Evaristo ya tsaya a gefen teburinta yana kora mutanen unguwa.

Likita ta ce, "Baba, an ce gobe ruwan zai yi tsanani. Ka karɓa ko don ajiya."

"'Yata, ajiye wa baƙi. Mu 'yan gida ne."

"Ruwan bai san ɗan gida ba."

"Ni ya san ni."

Elba ta kama kunnena ta manna min filasta kamar mai sa wa rago alama. Doña Zulema ma ta karɓi tata, ta ƙara da busasshen biskit da 'yar citta a jaka. Evaristo ya gani, ya ce min mace ce, dole a yi mata uzuri. Tolosa da wasu mazan suka bi Kyaftin, don sun ji a tsarinsa akwai cin abinci da yawa.

Yammar nan cikin mashigin Beagle ruwa a kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma. Evaristo ya yi ta zagaya tebura yana cewa, "Kun gani ko? Akwai wanda ya ji wani abu?" A wurin cin abinci ya sa almajiran horonsa suka loda kaya. Gasasshen rago mai kitse, ƙaguwa da man shanu, ɗanyar albasa, aka danne da kek mai zaƙi. Kafin a tashi ya je wurin shugaban tafiya ya nemi a ba shi lokaci washegari ya yi wa fasinjoji lacca a kan yadda ake cin galabar teku. Ya kuma roƙa a haɗa muryarsa da lasifikokin ɗakuna, don raunanan da za su kasa fitowa su amfana. Da yake komawa ɗaki ya ga ma'aikata sun jera jakunkunan takarda a jikin ƙarafen riƙewa. Ya bi ya tsince su kaf, ya tura ƙarƙashin gadonsa. Wai ganinsu ne ke sa wa mutane tunanin amai.

Da gari ya waye na buɗe ido na ga takalmana suna tafiya su kaɗai daga bango zuwa bango. Labulen taga ya miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki, ya koma, ya sake miƙewa. A waje ba ka ganin komai sai ruwa mai launin toka yana hawa sama da taga, sannan sararin sama, sannan ruwa. Mun shiga Drake.

Na fito ina bin bango. Tolosa, wanda ɗakinsa ke kusa da na Evaristo, ya fito da rarrafe.

Ya ce, "Nicanor, ragon jiya yana son fitowa. Ina jakunkunan nan?"

Ba shi kaɗai ke nema ba. Ƙofofi sai buɗewa suke, mutane suna fitowa hannu a baki suna lalube ƙarfe, babu komai. Wani Bajamushe ya yi amfani da hular wanka. Tolosa ya rarumi tukunyar fure.

Sai ga Evaristo ya fito da hula da falmaran, fuskarsa ta koma kalar ganyen kabeji. Na ce, "Maƙwabci, lafiya? Ka yi kore."

"Fitilar nan ce."

Bai rufe baki ba jirgi ya karkata. Mu muka riƙe ƙarfe muka tsaya. Shi kuwa dalma ta ɗauke shi, ya yi ƙasa da gudu kamar an saki amalanke a gangare, ƙafafunsa suna ƙoƙarin kamo ƙirjinsa. A ƙarshen layin wata baƙuwa ta buɗe ƙofa a daidai lokacin, ya shige ɗakinta. Muka ji ihu da ƙarar akwati. Jirgi ya karkata ɗaya ɓarin, sai ga shi ya fito da baya da baya, rigar barcin matar a rataye a kafaɗarsa. Da ya zo wucewa ta gabanmu ya ce, "Ina duba lafiyar fasinjoji."

Elba ta leƙo ta ce, "In ka dawo ka duba mana inda jakunkuna suka shiga."

Wani ma'aikaci mai gyaran ɗaki ne ya gano su a ƙarƙashin gadon Evaristo. Ya fito da su rungume a ƙirji, mutanen unguwa suka bi Evaristo da kallon da ban so a yi wa maƙwabcina ba. Matar Tolosa ta ce in aka sauka lafiya, mijinta gara ya tara gashi har gwiwa da ya sake shiga shagon nan.

Wajen hantsi na same shi a babban falo ya rungume wani ginshiƙi. Doña Zulema tana kusurwa, ta tokare ƙafarta da kujera, tana saƙarta tana ɗan gutsurar biskit. Da ya hango ta sai ya saki ginshiƙi, ya ce bari ya haɗa mata mate, shayin ƙasarmu da ake sha a ƙoƙo, da hannunsa. Ya riƙe ƙoƙon da hagu, flas da dama, ya auna, ya zuba. Ruwan zafin ya bi ta gefen ƙoƙon ya sauka cikin takalminsa. Ya cije, idonsa ya kawo ruwa.

Zulema ta ce, "Don Evaristo, zauna mana. Ga biskit."

"Na gode, Doña. Mu ba ma zama in ruwa na wasa."

Na ja shi gefe na ce, "Don girman Allah ka fasa laccar nan. Ka je likita ta ba ka ƙwaya, ni ba zan gaya wa kowa ba."

Ya haɗiye wani abu da ƙyar ya ce, "Yau zan nemi aurenta, Nicanor. Samo min igiya."

Bayan azahar aka taru, waɗanda za su iya tashi ke nan. Mutanen unguwarmu suka zo don haushi, baƙi suka zo don an ce wani tsohon ɗan teku zai yi magana, ga wata yarinya mai yi musu fassara. Aka maƙala wa Evaristo abin magana a wuyan riga. Don kada a maimaita abin safe, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa hannu baya ya ƙulle ta a jikin ƙarfen da ya laluba, ba tare da ya waiwaya ba, don waiwaye na tayar masa da zuciya. Ya ɗauka ƙarfen bango ne. Ashe hannun teburin shayi ne mai taya, wanda aka taka wa birki aka jingine.

Ya fara da murya mai ƙarfi. "Jama'a, teku kamar doki ne. Yana gane wanda ke tsoronsa."

Jirgi ya hau wata igiyar ruwa ya tsaya cak, sannan ya kwanta. Dalma ta ja Evaristo, Evaristo ya ja tebur, birki ya yi ƙara ya saki. Teburin ya bugo shi ta baya ya zaunar da shi a kansa, a tsakanin kofuna, suka tafi tare. Ya ratsa falon daga wannan bango zuwa wancan, hularsa a kai, hannu ɗaya a sama.

Yarinya mai fassara ta dube ni ta ce, "Wannan ma cikin laccar yake?"

Tolosa, wanda ke kwance a doguwar kujera da jaka a ƙirji, ya ce, "Gaya musu yanzu aka zo wurin dokin."

Wasu baƙin suka tafa. Ma'aikata biyu suka bi teburin, amma kafin su kai jirgi ya juya, teburin ya dawo ta kansu, suka watse. Evaristo ya ga abin yana neman ƙwace masa, sai ya tsallake zuwa ƙarshen shirin. Da tebur ya zo wucewa ta gaban kusurwar Zulema ya ce, "Doña Zulema, na daɗe ina..." Ya wuce. Muka jira. Da ya dawo ya ce, "...ina ganin mace kamarki ta cancanci..." Ya sake wucewa, ya daki bango, butar shayi ta kife masa a cinya.

Zulema ta ajiye saƙa ta ce, "Ina jin ka, Don Evaristo. Sai ka dawo."

A dawowa ta gaba ɗinkin falmaran ya gaji. Ya yage daga hammata har ƙasa, dalma ta zubo ta watsu a falo kamar an ɓarar da buhun gurjiya. Duk wanda ya taka sai ya zauna. Kyaftin ɗin jirgin na gaske, wanda ya sauko ya ga hayaniyar mece ce, ya shigo da saurinsa ya taka guda biyu, ya ƙarasa shigowa a zaune.

Tebur ya tsaya a tsakiyar falo, tayarsa ta cije a kan dalma. Evaristo ya dubi kyaftin, ya dubi Zulema, ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya cire farar hular nan a hankali, ya sa fuskarsa a ciki. Rago ya fito, ƙaguwa ta biyo, albasa ta rufa musu baya. Abin magana yana nan a wuyansa, saboda haka babu ɗakin da bai ji ba, har ɗakin injin.

Da ya ɗago ya manta da lasifika. Ya ce, "Wayyo Uwa Maryamu, ku sauke ni. Ko ina ne ku sauke ni. Nicanor, gaya musu ni mai aski ne. Kakana tumaki ya yi kiwo, ko kogi ba ya tsallakewa sai a kan gada. Hoton nan a kasuwar gwanjo na saye shi, da firam ɗinsa."

Yarinya ta ce, "In fassara?"

Elba ta ce, "Bar shi, 'yata. Wannan kowa ya ji da yarensa."

Daga ɗakunan ƙasa muka fara jin dariya tana tasowa, irin ta marasa lafiya, ana yi ana nishi. Tolosa ya yi dariya har sai da ya nemi sabuwar jaka. Likita ta zo ta tsallake dalma, ta kwance igiya, ta ce, "Baba, a ajiye wa baƙi, ko a yi maka?"

Ya ce, "'Yata, yi min duk abin da kike da shi."

Aka yi masa allura a wurin da ba a nuna wa jama'a, muka ɗauke shi ni da ma'aikata zuwa ɗaki.

Bai sake fitowa ba sai da muka shiga tsakanin tsibirai ruwa ya kwanta. Safiyar nan rana ta fito, duwatsun ƙanƙara suna wucewa a hankali, wasu fari fat, wasu shuɗi kamar an rina. Kowa ya hau sama, har Tolosa yana cin burodi da nama. Na je na fito da Evaristo da ƙyar, a naɗe cikin bargo, kansa ba hula. Ashe sanƙo gare shi, mu duka ba mu sani ba sai a wannan tafiyar. Na zaunar da shi a benci can baya inda ba mutane. Bai kalli ƙanƙara ba, takalminsa yake kallo.

Sai ga Doña Zulema. Ta zauna a gefensa, ta ciro hular ulu da ta gama saƙawa ta sa masa, ta ja ta har kunne. Na tashi zan ba su wuri, ta ce in zauna, ai maganar a gaban jama'a aka fara ta.

Ta ce, "Don Evaristo, ka tsaya a kan mace kamata ta cancanci. Ta cancanci me?"

Ya ce, "Doña, ki bar ni da kunyata. Ɗan teku na so in ce. Kin kuwa ji ko ni wane ne."

"Wa ya gaya maka ɗan teku nake nema?"

"Marigayi..."

"Marigayi, Allah ya ji ƙansa, na fi sanin bayansa da fuskarsa. Kullum yana tafiya. Ni na haifi yara ni kaɗai, na aurar da su ni kaɗai, ƙuruciyata ta ƙare a bakin tashar jirgi ina kallon ruwa. Tun da ya rasu na ce in zan sake, sai mutumin da na tabbata ba zai bar tudu ba. Shekarun nan hularka ce ta hana ni kallonka. Da na ji ka a lasifika sai hankalina ya kwanta."

Evaristo ya juya maganar a ransa. Na ga kalar fuskarsa tana dawowa, ƙirjinsa yana tasowa a cikin bargo. Ya juyo ya ce min, "Ka gani, maƙwabci? Na ce maka a gaban jama'a za a yi ta."

Zulema ta ce, "Kada ka fara."

Ya ce to. Ta tashi ta tafi gaya wa Elba, ya bi ta da kallo yana murmushi har ta sha kwana. Can ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Nicanor, kai da ka yi aikin mota. In an gama kallon ƙanƙarar nan, ta wace hanya ake komawa gida?"

Na ce, "Ta inda aka zo."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya ce, "Je ka gaya mata in da hali a ɗaura auren nan yau, tun ina da rai."